Akawun lauya: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Duk ɗan kasuwar da rigimar bashi ta taɓa kai shi ofishin lauya a Yamai, Maraɗi ko Damagaram ya san wannan yaro. Shi ne zaune a teburin bakin ƙofa, tarin takardu a gabansa. Shi ke tarbar baƙo, shi ke buga wasiƙa, shi ke hawa kabu-kabu ya kai takarda kotu kafin a tashi aiki, shi ke bin layi wajen magatakardan kotu don karɓo kwafin hukunci. Mai ƙara yakan ga lauyansa jefi-jefi, amma akawu kullum suna tare.

Sau da dama yaron ya gama karatun shari'a a jami'a, aikin gwamnati bai samu ba, sai aka ɗauke shi da sunan koyon aiki. Wata shida ya koma shekara, shekara ta koma uku, babu takardar ɗaukar aiki, babu tsayayyen albashi sai abin da maigida ya ga dama ya miƙa a ƙarshen wata. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba: akwai lauyoyin da ke sauke haƙƙin ma'aikatansu yadda ya kamata. Amma akwai waɗanda ba sa yi, kuma kowa a harabar kotu ya san da haka.

Doka kuwa ba ta bar kowa cikin duhu ba. Kundin ƙwadago na 2012 ya ƙayyade aikin mako a kan awa 40. Albashi mafi ƙanƙanta, wanda ya daɗe a kan sefa 30.047, an ɗaga shi zuwa jika 42 a farkon 2024. Wajibi ne kuma mai ɗaukar ma'aikaci ya rubuta sunansa a asusun CNSS, domin ya samu fansho da diyya idan ya yi haɗari a bakin aiki. Abin kunya ne a ce gidan da ke cin abinci da doka shi ne ke take ta a cikin ɗakinsa. Lauyan da ya tsaya gaban alƙali da safe yana kare direban da aka kora ba bisa ƙa'ida ba, da wace fuska zai dubi akawunsa da maraice?

Kada ɗan kasuwa ya ɗauka wannan magana ta wasu ce. Dukiyarsa ce ke yawo cikin jakar wannan yaro. Nijar na cikin ƙasashe 17 da ke bin dokokin kasuwanci na OHADA, ƙungiyar da aka kafa a 1993. A ƙarƙashin waɗannan dokoki, wanda aka kawo wa umarnin kotu na biyan bashi yana da ƴan kwanaki ƙalilan na ƙalubalantar umarnin. Da kwana 15 ne. Tun 2024 ya koma kwana 10. Idan wa'adi ya wuce, ko da mutum na da gaskiya, ana iya kama kayansa ko kuɗinsa na banki. Wa ke ƙirga waɗannan kwanaki? Wa ke kai takardar cikin lokaci? Akawu ne, wanda wata rana ko kuɗin mota ba ya da shi.

Bayan haka ga matsalar harshe. A 2025 an ba Hausa matsayin harshen ƙasa, amma takardun shari'a da Faransanci ake rubuta su. Alhajin da ya iya lissafin miliyoyi da ka, amma bai shiga lakwal ba, da bakin akawu yake jin abin da zai sa wa hannu. Kalma ɗaya idan ta karkace, shago na iya tafiya.

Ba a ɗaure wa cin amana gindi ba, amma ruwa ba ya tsami banza. Yaron da ke riƙe da sirrin masu kuɗi alhali cikinsa babu komai, ranar da abokin shari'a ya kira shi gefe ya damƙa masa jika goma don takarda ta yi jinkirin kwana biyu, jarrabawa ce babba. Da yawa suna tsallake ta saboda tsoron Allah da tarbiyyar gida. Sai dai shari'ar ƙasa ba za ta dogara ga haƙurin mai jin yunwa ba.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ya kamata ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta yanka wa koyon aiki wa'adi, wanda ya wuce shi a ba shi takardar aiki da albashi. Sufetocin ƙwadago, da suka san hanyar gareji da gidan burodi, su koyi hanyar ofisoshin lauyoyi. Ɗan kasuwa kuma ya riƙa karɓar rasit na duk abin da ya biya, ya tambayi ranar da wa'adinsa ke cika, ya rubuta ya ajiye.

Tun Taron Ƙasa na 1991 ake ta batun ƙasa mai bin doka da oda. Idan da gaske ake, to, a fara daga teburin bakin ƙofa.