Nukiliyar da Muka Fi Buƙata Ta Awo Ce

Duk sanda aka ambaci nukiliya a Najeriya, zancen bai wuce biyu ba: ko bam, ko tashar lantarkin da gwamnatoci suka daɗe suna alkawari. A ganina duka biyun sun kawar da hankalinmu daga amfanin da ya fi kusa da mu, wato awo: sanin abin da ke cikin dutse ko ƙarfe ko ƙasa, da sanin shekarun abu.

A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yau, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8. Ba wanda zai iya faɗin shekarunsa da ido. Amma kowane itace, muddin yana raye, yana ɗibar wani nau'in kabon mai suna kabon-14, wanda rabinsa ke ruɓewa duk bayan shekara 5,730. Da bishiya ta mutu ɗibar ta tsaya, sai raguwa. Da aka auna abin da ya saura, sai lissafi ya nuna kimanin shekara 8,000, kwalekwale mafi tsufa da aka sani a Afirka. Sai dai a Jamus aka yi awon. Kayan namu ne, amma daga bakin wasu muka ji shekarunsa.

Ba wai ba mu da komai ba. Tun 2004 Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya take da ƙaramar tukunyar nukiliya ƙirar Sin, mai ƙarfin kimanin kilowat 30 kacal. Ba don lantarki aka yi ta ba. Ana saka ɗan garin dutse ko ɓallin tukwane a cikinta, ƙwayoyin niyutiron su yi masa ruwa, sai yawancin sinadaran da ke ciki su shiga fitar da hasken gamma, kowanne irin nasa, kamar yadda kowane yatsa yake da zanensa. Da haka ake gane zinare ko guba, ko da ɗigo ne cikin miliyan, kuma ake iya bin sawun yumɓun da aka gina wani gunkin Nok da shi.

Kamfanonin mai sun daɗe da sanin wannan. Da hasken iridiyom-192 suke ɗaukar hoton waldar bututu, su ga tsaga kafin ta fashe. Talaka ne bai amfana ba. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinare ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara, kuma da na'urar hannu mai harba hasken eksire ma'aikatan agaji suka riƙa gano gidajen da ƙasarsu ta gurɓace. Da an auna duwatsun nan kafin a kai su tsakar gida a daka, da an san abin da ke cikinsu.

Haka mai haƙar litiyom a Nasarawa yake yau. Shi ke shiga rami, amma mai saye ne ke riƙe da na'urar awo, don haka shi ke yanke farashi. Kuɗin da za a kashe a kai irin wannan na'ura kasuwannin ma'adinai, a horar da masu riƙe ta, a kuma riƙa tura samfuri Zariya don tabbatarwa, bai kai na katangar tashar lantarkin da muke jira ba.