GAISUWAR DOLE BA GAISUWA BA CE

Ƴan uwa, ku saurara!

Akwai masu cewa wai sauke tuta da jiragen ruwa ke yi a teku ladabi ne kawai, kamar sannu tsakanin matafiya. Mu kuwa mun ce a duba tarihi. Jirgi kan sassauto tutarsa kaɗan ya mayar da ita sama, wannan gaisuwa ce. In ya sauke ta ɗungum a fagen yaƙi, ya miƙa wuya ke nan. Masu ƙarfi sun daɗe suna gauraya biyun nan da gangan.

Ga shaida. A zamanin da, Ingila ta ce tekun da ke kewaye da ita nata ne, duk jirgin da ya gamu da nata sai ya sauke tuta. A watan Mayu 1652, kusa da Dover, kumandan jiragen Holanda, Tromp, bai yi gaggawar sauke tasa ba. Blake na Ingila ya harba igwa, faɗa ya kaure, aka yi ta yaƙi har 1654. Don ƙyalle aka zubar da jinin matuƙa? A'a! Tun 1651 Ingila ta kafa doka don ta ƙwace dakon kaya daga hannun jiragen Holanda. Kasuwa ake so, tuta hujja ce kawai.

A 1671 aka sake. Ingila ta tura wani ɗan ƙaramin jirgi, Merlin, ya ratsa tsakiyar rundunar Holanda yana neman a sauke masa tuta. Aka ƙi, sai Ingila ta ce an wulaƙanta ta, yaƙi ya tashi a 1672. Alhali kuwa tun 1670 Sarki Charles na II ya ƙulla da Sarkin Faransa a asirce za su auka wa Holanda. In ba ƙira, me ya ci gawayi?

Wanda aka tilasta kuma ba ya mantawa. Ran 21 ga Nuwamba 1918, bayan Jamus ta sha kaye, Beatty na Ingila ya umurci jiragenta su sauke tuta da faɗuwar rana, kada su sake ɗagawa sai da izini. Aka tsare 74 a Scapa Flow, arewacin Scotland. Ran 21 ga Yuni 1919 matuƙan suka ɗaga tutarsu, suka nutsar da 52 da hannunsu, don kada abokan gaba su raba.

An ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Gaskiya ne, in da son ranka ka durƙusa. Amma duk inda aka ce maku wata ƙasa ta sunkuyar da tuta don ladabi, ku tambaya: an amsa mata? Wa ke riƙe da igwa? Me aka karɓa bayan nan? Gaisuwar da ake karɓa da bakin igwa haraji ce.

Mu buɗe ido, ƴan uwa!