Kada a mayar da "Ganɗoki" ya koma "Gan]oki"

Duk wanda ya leƙa wayoyin ɗaliban Hausa a Katsina zai tarar da littattafai da ƙasidu jibge a tsarin PDF. Shi kuwa PDF shafi ne daskararre, ba ya bin faɗin allo, don haka mai karatu kan yini yana jan shafi hagu da dama. Maganin wannan shi ne tsarin EPUB, wanda layukansa ke daidaita da allon waya ko na Kindle, kuma manhajar Calibre tana juyawa kyauta.

To amma akwai wani hanzari ba gudu ba. Dubban shafukan da aka buga a shekarun 1990 da 2000 an yi su ne da tsofaffin zanen haruffa, inda aka ɗora ƙ da ɗ da ɓ a gurbin alamomin } da ] da ~. Da zarar an juya, sai asiri ya tonu: "Ganɗoki" na Bello Kagara (1934) ya koma "Gan]oki". Masu gaggawa kuwa sai su share lanƙwasar baki ɗaya, abin da ya fi muni, domin ƙafa ba kafa ba ce, ɓata ba bata ba ne.

Ya kamata masana Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua su ja gaba, a fara mayar da kowane kundi zuwa haruffan Unicode, a sa Bahaushe ya tace shi layi-layi, sannan a juya. A kuma nemi izinin mawallafa tukuna.