Kafin Mu Ce Kwana Ya Ƙare, Mu Duba Taya



Kwanakin baya muka sallaci gawa biyu lokaci ɗaya a ƙofar masallacinmu, matasa ne 'yan kasuwa. Suna dawowa daga cin kasuwar ƙauye ta hanyar Dukku, a bayan Hilux da aka laƙa wa buhunan masara, sai tayar gaba ta yi bindiga, motar ta ƙwace ta wuntsila. A wurin zaman makoki kowa ya zo sai ya ce kwana ne ya ƙare. Mun yarda, ba mai wuce lokacinsa. Amma ɗaya daga cikin yaran da suka je jawo motar ya karanta lambar da ke jikin tayar nan, ya ce ta haura shekara goma da ƙerawa, alhali direban bai yi wata biyu da sayenta ba. To jama'a, wannan ma sai mu yi shiru?

Malamanmu na Islamiyya sun karantar da mu labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure ta tukuna. Mai ɗaura tsohuwar taya a motar da ke ɗaukar rayuka, ya ce Allah zai kiyaye, ya saki raƙumar ne kawai. Kuma ba shi kaɗai zai biya ba, har da fasinjan da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Mu fara da masu sayarwa, domin 'yan uwanmu ne, tare muke sahu. Tayar da ake kira tokunbo ko Beljiyam, wadda aka jibge a bakin titi rana na dukanta, a Turai an riga an cire ta daga mota. Dokar shigo da kaya ta Najeriya ta hana shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci, duk da haka ga su nan kamar ƙasa. Wasunsu ma an ƙera su ne don lokacin sanyi da ƙanƙara, robarsu taushi gare ta, za ka ga hoton dutse da ƙanƙara a gefenta. A kawo wannan Gombe, a watan Maris ko Afirilu da zafi ke kai awo 40, a ɗora ta a kan kwalta mai ƙuna daga nan zuwa Bauchi, me ake jira? Wasu kuma idan zanen ya suɗe sai su sa wuƙa su sake yanka shi, su shafe ta da baƙin mai ta yi ƙyalli. Haba Alhaji! Wanda ya karanta ko da Risala ce ya san ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma mai saye yana da ikon mayar da su. Hadisin mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya ɗora busasshe a sama kowa ya san shi. Shi jiƙaƙƙen hatsi asarar kuɗi ce kawai. Aibin taya kuwa rai yake ci.

Mun san amsar da ake ba mu. Za a ce, "Malam, tokunbo orijinal ce, ta fi sabuwar jabu ƙarfi." Akwai ƙanshin gaskiya a nan, ba mu musa ba. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙerawa a Ikeja a 2008, kusan duk tayar da muke hawa daga waje take zuwa, mai kyau da marar kyau. Hukumar SON ta sha kama sababbin tayoyi da aka cusa wata cikin wata don rage kuɗin kwantena, wayar cikinsu ta karye tun kafin su taɓa ƙasa. Amma samuwar jabu ba ta mayar da tsohuwa sabuwa ba. Roba tana tsufa ko an hau ta ko an ajiye ta, tana bushewa ta tsattsage daga ciki, zanen na nan lafiya lau a ido.

Za a kuma ce babu kuɗi. Wallahi mun sani, mu ma a kasuwar muke. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, darajar naira ta faɗi, komai ya ninka. Sai dai a yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Tayar da za ka saya sau uku a shekara, kullum kana wurin mai faci, ga ɓata lokaci a daji da kayan mutane, ina arharta? Balle ranar da ta fashe da gudu: motar ta tafi, jari ya tafi, ga jinya, ga haƙƙin rai a wuya. Araha dai ba ta ado.

Ga abin da ya kamata kowane mai mota ya sani, musamman masu Hilux da Land Cruiser da ke shiga ƙauyukan Dukku, Nafada da Yamaltu Deba, inda rani yashi ne da dutse, damina kuma taɓo.

Na farko, shekara. A gefen taya akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne haihuwarta. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. 'Yan Road Safety shekara huɗu suke ƙirgawa daga wannan ranar, su kansu manyan kamfanonin ba su yarda a wuce goma ba ko da ba a taɓa hawa ba. In ka ga wurin an kankare ko an goge, ka kama gabanka.

Na biyu, girma da ƙarfin ɗauka. A jikin ƙofar direba akwai takardar da ta faɗi girman tayar motarka, misali 265/65 R17, da awon iskar da take so. Lambar da ke biye da girman ita ce ta nauyi: 112 na nufin taya ɗaya na ɗaukar kilo 1,120, ba ƙari. Kada ka sa tayar ƙaramar mota a motar lodi don kawai ta shiga rim.

Na uku, irin hanyarka. Mai HT ta kwalta ce, mai MT ta taɓo ce, tana ƙara a titi tana saurin cinyewa, mai AT ita ce tsaka-tsaki, ita ta fi dacewa da wanda ke fita daga Gombe a kwalta ya ƙarasa a burji. Akwai kuma harafin jure zafi, A ko B ko C. A ƙasarmu a nemi A, in ya gagara B. Kuma motar da ke ja da ƙafa huɗu ba ta son tayoyi 'yan uba. Aƙalla biyun gaba su zama iri ɗaya, biyun baya ma haka.

Na huɗu, iska. A auna ta da geji da safe kafin taya ta yi zafi. Duka da ƙafa ko danna babban yatsa ba awo ba ne. Tayar da iskarta ta gaza tana lanƙwasa tana ɗaukar zafi, ita ce ke fashewa a doguwar tafiya.

Yanzu mu juyo kanmu, mu fatake masu kaya. Mu ne muke tsayawa a tasha mu yi ta ciniki har mu matse direba, mu ce ƙara buhu biyu, ai ba komai. Mu ne muke sa yaranmu su hau saman lodi don kada mu biya kuɗin kujera. In muka hana direba ribar da zai sayi taya mai kyau, sannan muka ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinta, to muna da kaso a cikin alhakin. Kada mu zo zaman makoki muna girgiza kai kamar baƙi.

Don haka muna kira. Masu sayar da taya su nuna wa mai saye shekararta da bakinsu, in ya saya da saninsa sun fita. Shugabannin ƙungiyar direbobi su riƙa duba taya kafin mota ta ɗauki lodi, yadda suke duba kuɗin tikiti ba sa mantuwa. Direbobi su kafa adashin taya, kamar yadda muke adashin biki da na azumi, kowane wata mutum ɗaya ya kwasa ya sa sababbi. 'Yan uwanmu limamai su faɗi wannan a mumbari, domin kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Kai kuma fasinja, sunkuyawa ka duba taya kafin ka hau ba rainin direba ba ne. In ya yi fushi, ka ba shi haƙuri ka jira ta gaba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ɗaya daga cikin yaran nan biyu ya bar mata da jaririn da ba a yaye ba. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri, Ya kai matafiyanmu gida lafiya. Amin.