Aikin Asibiti Da Ke Jiran 'Ya'yan Arewa a Oshodi

Duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ya san wahala ba ta ƙarewa ranar da aka sallamo shi daga asibiti. Likita ya yi nasa, hawan jini ya sauka, amma mutum ya dawo gida ba ya iya kai loma bakinsa, ba ya iya sa riga, ba ya iya ɗaukar buta. Magidancin da jiya yake ciyar da mutum goma, yau sai an tayar an kwantar. Daga nan ne wasu ke faɗawa bara.

To, akwai ma'aikatan lafiya da aka horar musamman domin irin wannan hali, kuma aikinsu dabam yake da na masu gashin ƙashi. Masu gashi ƙarfin gaɓoɓi suke ƙoƙarin maidowa. Su kuwa waɗannan koya wa majiyyaci suke yi yadda zai koma harkokinsa na yau da kullum da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Su ke ƙara wa mariƙin cokali kauri don hannun da ba ya damƙa, su ɗaura wa yatsu abin da zai hana su ƙanƙancewa, su koya wa yaro mai lalurar ƙwaƙwalwa riƙon alƙalami, su sa mai taɓin hankali a hanyar ɗinki ko saƙa. Babban jami'i shi ke auna majiyyaci ya tsara abin da za a yi, mataimakinsa kuwa shi ke zama da mutum kullum har hannu ya saba.

Aikin ya shigo Nijeriya tun shekarun 1950 ta asibitin Jami'ar Badun. A 1988 Dokar Soja mai lamba 38 ta kafa hukumar MRTB, wadda ke yi wa masu wannan aiki rajista da ba su lasisi. A farkon shekarun 2000 Gwamnatin Tarayya ta buɗe makarantar horar da mataimaka a Oshodi, Ikko, mai suna Federal School of Occupational Therapy, ƙarƙashin asibitin masu taɓin hankali na Yaba. Yaron da ya ci jarrabawar sakandare da kyau a Turanci, lissafi da darussan kimiyya yana iya nema, ya fito da difloma. Mai son zama cikakken jami'i kuwa sai ya nemi digiri, irin wanda Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife ke bayarwa.

Watau makarantar tana ƙofar 'yan Arewa mazauna Agege, Idi-Araba da Mile 12. Buƙatar kuwa, wanda ya je Abuja zai gan ta da idonsa. Asibitin Ƙasa da aka buɗe a 1999 da asibitin koyarwa na Gwagwalada suna karɓar waɗanda suka yi haɗarin mota da masu shanyewar jiki daga jihohin kewaye. A Karmajiji, daura da hanyar filin jirgin sama, akwai unguwa guda ta naƙasassu, akasarinsu mutanen Arewa. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali, amma waɗanda cutar ta riga ta shanye wa ƙafafu suna nan. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ware musu kashi 5 cikin 100 na aikin gwamnati, aka kuma kafa hukumarsu a Abuja a 2020. Doka ta ba da gurbi. Wa zai shirya mutum ya iya zama a gurbin?

A nan ne ɗan Arewa ke da abin da ba a koyarwa a aji. Tsohon da ya zo daga Kwali ko Suleja da Hausa zai faɗi damuwarsa, kuma damuwar ita ce yadda zai yi alwala da hannu ɗaya, ya zauna a tabarma, ya ci tuwo da kansa. Mace kuwa ba za ta saki jiki ta koyi wanka da kama ruwa ba sai a hannun 'yar'uwarta mace. Saboda haka 'yan mata ma aikin nasu ne.

Wasu iyaye za su ce in ba likita ko nas ba, ɓata lokaci ne, kuma guraben gwamnati kaɗan ne. Maganar guraben gaskiya ce. Sai dai ban da asibitocin gwamnati irin na ƙashi na Dala da na ƙwaƙwalwa na Barnawa, akwai asibitocin kuɗi, makarantun yara masu lalura, da gidajen da ke neman mai zuwa duba majiyyaci.

Ya kamata Sarakunan Hausawa na Kurmi su riƙa shelar lokacin sayar da takardun shiga a masallatai da kasuwanni. Gwamnatocin jihohin Arewa su ɗauki nauyin yaran da suka samu shiga. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya a Abuja kuma ta yawaita irin wannan makaranta, ta buɗe wa waɗanda suka gama gurabe. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Allah Ya sa a ji.