Abincin Mai Ciki: A Yi Wa Bahaushiya Magana Da Harshen Gidansu

Masu iya magana sun ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Gaskiyar da nake so in ajiye gaban malamaina da 'yan'uwana ɗalibai ita ce, yawancin wa'azin abinci da ake yi wa mata a wurin awon ciki ba ya shiga gida, domin an ɗauko shi daga littattafan Turanci an fassara, ba a gina shi bisa tukunyar Bahaushiya ba.

Matsalar kuwa ba ƙarama ba ce. Binciken lafiyar jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 61 cikin ɗari na masu ciki suna da ƙarancin jini, kuma mace mai ƙarancin jini ko zubar jini kaɗan wajen haihuwa tana iya halaka ta. Alhali kuwa abin taimako yana cikin gida: zogale, rama, alayyafo, wake, gyaɗa, daddawa, gero, kifi da nama. Tsamin lemo da gwaiba suna taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe daga ganye da wake, shayi kuwa idan an sha shi tare da abinci yakan rage wannan tsotso. Wanda ya ce wa mace "ki ƙara kwaɗon zogale, ki matsa lemon tsami" ya isar da saƙo fiye da mai jera mata sunayen sinadarai.

Abu na biyu shi ne wanda ake yi wa maganar. Mai cikin fari kunya ta hana ta ko ambaton cikin, balle ta nemi ƙwai. Maigida ke cefane, uwar miji ke faɗin abin da za a guje wa, idan an tafi goyon ciki kuma uwa da ungozoma ke da ta cewa. Saboda haka koyar da yarinyar ita kaɗai tamkar shuka ne bisa dutse.

Na uku, kada a haɗa al'adu duka a kira su camfi. Ina ganin kashi uku ne. Akwai masu amfani, kamar hutun jego da kulawar dangi, sai a ƙarfafa su. Akwai masu buƙatar gyara, kamar tsoron zaƙi: rage sukari ba laifi ba ne, amma kada ya kai ga hana 'ya'yan itace, ko shan saiwoyin da ba a san ƙarfinsu ba. Akwai kuma masu cutarwa. A 1978 likitoci Davidson da Parry suka wallafa bincikensu na Zariya, inda suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da zafin wanka da gasa gado. Kanwa gishiri gare ta mai yawa, mai tara ruwa a jiki. Ba sai an hana kunu ba; kunun gyaɗa da na tsamiya suna nan.

Wani zai ce talauci ne tushen abin, ba jahilci ba. Yana da gaskiya, kuma shi ya sa nake kawo abincin bayan gida da na kasuwar ƙauye. Haka nan abinci kaɗai bai isa ba: tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar awo sau takwas, da ƙwayar ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 tare da folik asid kullum. Amma mace ba za ta jure shan ƙwayar da ke baƙanta bahaya ba, sai an bayyana mata cewa wannan ba cuta ba ce.

Nan ne aikinmu yake, mu 'yan Sashen Hausa. Mun tattara waƙoƙin daɓe da na niƙa, to mu tattara hani da horon da ake yi wa mai ciki daga Katsina har Damagaram, mu zauna da ɗaliban likitanci mu tantance su, mu fitar da kalmomin da ungozoma za ta gane, mu tsara wasan kwaikwayo na rediyo wanda maigida zai ji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya sauki masu ciki lafiya, amin.