Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne: Ƙahon Da Aka Dasa Wa 'Yan Baikin

Masu iya magana sun ce kama da wane ba wane ba ne. Wannan karin magana shi ke faɗo mana a rai duk lokacin da muka ga hotunan wata al'ada da ta zauna da gindinta a ƙasashen Turai da Amurka, wato al'adar yin shigar mutanen nan da ake rubuta sunansu Viking, ake furta shi Baikin. A birnin York na Ingila akan yi bikinsu cikin watan Fabrairu, a garin Wolin na ƙasar Folan kuma akan yi nasa a lokacin zafi, inda jama'a ke kafa bukkoki, su ɗauki garkuwa da gatari, su kwaikwayi yaƙi. Masu wannan shiga iri biyu ne. Akwai masu cewa tarihi suke rayawa don mutane su gani su ƙaru. Akwai kuma masu wani wasan kwaikwayo na fili wanda ba shi da 'yan kallo, kowa ya ɗauki suna da matsayi, a shiga daji ko sansani a yi kwanaki ana tafiyar da labari.

Tun da farko bari mu faɗa wa mai karatu cewa ba mu da ja da wasa. Mu da muka tashi muna ganin yara na manna gemun auduga a lokacin tashe, ba mu ne za mu hana wani ya yi shigar kakanninsa ba. Abin da muke ja da shi shi ne a ɗinka ƙarya a sanya, sa'an nan a ce mata tarihi. Tufa magana ce. Duk wanda ya sa riga ya ce haka mutanen da suka shuɗe suke sawa, to ya ba da shaida a kan waɗanda ba su da bakin kare kansu, kuma shaidar zur a kan mamaci ba ta zama halal don an yi ta cikin raha.

Su wane ne 'yan Baikin? Mutanen yankin da a yau ya ƙunshi ƙasashen Norwe da Suwidin da Danmak ne. Masana sukan ƙidaya zamaninsu daga shekarar 793, sa'ad da suka kai hari gidan ibadar Kirista na tsibirin Lindisfarne, zuwa 1066, sa'ad da aka kashe Sarki Harald Hardrada na Norwe a yaƙin Stamford Bridge. A cikin waɗannan shekaru sun yi fashi, sun yi fatauci, sun kafa garuruwa, jiragensu sun kai har gaɓar Amurka ta Arewa. Amma akasarinsu manoma ne da makiyaya da masunta.

To, mu fara da ƙaho, tun da shi ne uban ƙaryar. Idan aka ce wa yaro ya zana ɗan Baikin, kafin ya zana ido sai ya zana kwalkwali mai ƙahoni biyu. Alhali kuwa masu haƙar kayan tarihi ba su taɓa tono kwalkwalin yaƙi mai ƙaho na wancan zamani ba, ko da guda ɗaya. Kwalkwalin da ya fi shahara shi ne wanda aka samu a gonar Gjermundbu ta Norwe a 1943, na ƙarni na 10, kuma ƙoƙon ƙarfe ne kawai mai makarin idanu da hanci. Gaskiya ne an tono kwalkwali biyu na tagulla masu ƙahoni a Veksø ta Danmak a 1942, sai dai an ƙera su ne wajen shekara 900 kafin haihuwar Annabi Isa, wato kimanin shekara 1,700 kafin harin Lindisfarne. Hankali ma kaɗai ya isa shaida: wane mayaƙi ne zai dasa wa kansa abin da takobin abokin gaba zai maƙale a ciki?

Daga ina ƙahon ya fito ke nan? Daga masu zane da masu wasan kwaikwayo na ƙarni na 19. Wanda ya fi yaɗa shi shi ne Carl Emil Doepler, Bajamushen da ya tsara tufafin wasan kwaikwayon waƙe na Richard Wagner da aka nuna a garin Bayreuth a 1876. Ashe mai ɗaura ƙaho yana taƙama da gadon kakanni, tela ɗan Jamus yake kwaikwayo bai sani ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan ramin an yi kusan shekara 150 ana faɗawa cikinsa.

Da masu shigar suka fara jin kunyar ƙaho, sai suka koma wata ƙaryar. Finafinai da shirye-shiryen talabijin, musamman shirin nan mai suna Vikings da aka nuna daga 2013 zuwa 2020, sun koya wa duniya cewa ɗan Baikin mutum ne mai baƙar rigar fata, da warkin dabba a kafaɗa, da fuska shafe da baƙin kwalli. Kaburbura kuwa wani labarin suke bayarwa. Tufar yau da kullum ta gashin tumaki ce da lilin. Namiji kan sa taguwa da wando da mayafi mai maƙali a kafaɗa. Mace kan sa doguwar riga, ta ɗora wata a kai mai igiyoyi, ta maƙale su da wasu ƙoƙuna biyu na tagulla masu kama da bayan kunkuru, ta rataya duwatsun ado a tsakani. Suna son launi ƙwarai. Sukan sami shuɗi daga wata shuka da ke ba da irin sinadarin da baba ke bayarwa a marinar Ƙofar Mata, su sami ja daga saiwar wata shukar. Mutumin da aka binne a Mammen ta Danmak wajen 970 an same shi da tufafi masu ɗinkin ado da alharini da zaren zinariya. A jirgin Oseberg da aka binne mata biyu a cikinsa a 834, aka kuma tono a 1904, an sami ƙyallayen alharini da suka fito daga ƙasashen gabas. Daɗin daɗawa, matajin kai na daga cikin abubuwan da aka fi samu a kufansu, kuma sunan ranar Asabar a harsunansu har gobe yana nufin ranar wanka.

Muna da wani mai shaida da ya gan su da idonsa, wanda ya rubuta da Larabci. Ahmad bin Fadlan ya bar Bagadaza a 921 cikin tawagar Halifa Al-Muƙtadir, ya kuma haɗu da fataken Rus a bakin kogin Volga a 922, mutanen da akasarin masana ke dangantawa da 'yan Baikin. Bai yi musu kara ba, domin ya kushe tsabtarsu ƙwarai. Amma ya bayyana mayafin mazansu da ke rufe gefe ɗaya ya bar hannu ɗaya a sake, da ƙarfunan zinariya da azurfa a wuyan matansu, da kuma rigar alfarma mai maɓallan zinariya da aka sa wa gawar shugabansu. Bai ambaci ƙaho ba. Azurfar nan kuwa daga ƙasashen Musulmi take zuwa. A Spillings ta tsibirin Gotland an tono azurfa mai nauyin kilo 67 a 1999, cikinta har da tsabar kuɗi sama da 14,000, galibinsu dirhami. Mutanen da aka mayar dodannin daji a finafinai, fatake ne da suka san hanyar kasuwa.

Akwai kuma ƙaryar da ake yi da shiru. Je ka sansanin masu wannan wasa ka ƙidaya: kowa jarumi ne, kowa basarake ne. Ina matar da ta yi watanni da mazari tana kaɗi kafin a sami riga ɗaya? Ina manomin da bai taɓa taɓa sulke ba, saboda sulke da takobi kayan masu hali ne? Uwa uba, ina bawa? Dublin ta ƙasar Ailan babbar kasuwar bayi ce a hannunsu, kuma shi kansa Ibn Fadlan ya ba da labarin wata baiwa da aka kashe don ta raka ubangidanta. Wanda ya sa rigar ubangida ya manta da baiwar, rabin tarihi ya nuna, kuma rabin da ya fi daɗin sawa ya zaɓa.

Mun san abin da za a ce mana: ai wasa ne, me ya yi zafi? Amsarmu ita ce wannan hoto na jarumi fari, mai jini tsantsa, ya taɓa yin aikin da ba na wasa ba. 'Yan Nazi sun yi wa rundunarsu ta SS tambari da haruffan da aka kwaikwayo daga tsohon rubutun arewacin Turai, har suka raɗa wa wata runduna suna Wiking a Yaƙin Duniya na Biyu. Ranar 6 ga Janairu, 2021, cikin waɗanda suka kutsa majalisar dokokin Amurka, wanda hotonsa ya fi zaga duniya shi ne mai ƙahoni da fatar dabba, da zanen gudumar gunki Thor a jikinsa. Ba mu ce duk mai shigar Baikin ɗan wariyar launin fata ne ba, hasali ma da yawansu suna yaƙi da hakan. Amma ƙarya ita ke share wa mai wariya fage. Binciken da Eske Willerslev ya jagoranta, wanda aka buga a mujallar Nature a 2020, ya duba ƙwayoyin halittar ƙasusuwa 442, ya nuna cewa jininsu gauraye yake da na kudancin Turai da Asiya, kuma da yawansu gashinsu ba fari ba ne.

Za a kuma ce shaidar ta yi ƙaranci, ƙyallaye ne kawai suka rage, dole a cike giɓi da tunani. Haka ne. Amma akwai bambanci tsakanin mai cike giɓi da mai rushe gini. A nan wajibi ne mu jinjina wa waɗanda suka ɗauki abin da gaske, masu kaɗi da saƙa da rini da hannu, waɗanda idan ka tambaye su za su ce wannan hannun riga daga kabari kaza muka gano shi, wancan kuwa hasashenmu ne. Su ne hujja a kan sauran, domin sun nuna cewa gaskiya na ɗinkuwa. Shi kuma mai wasan ƙage, wanda ke son ƙaho da fuka-fuki, ya sa abinsa lafiya, amma ya kira shi tatsuniya, kada ya tsaya gaban 'yan makaranta ya ce tarihi ne.

Me ya kai mu tsoma baki a sha'anin mutanen da ke nesa da mu? Dalili shi ne mun san zafin abin. Mun ga yadda finafinan waje suka daɗe suna ɗaura wa Baƙar Fata warki da ƙashi a hanci, kamar ba a taɓa saƙa da rini a nahiyar nan ba. Wanda aka yi wa haka bai kamata ya yi dariya idan an yi wa wani ba. Kuma gargaɗi ne gare mu ɗalibai, ranar da za mu hau dandali mu nuna Bayajidda ko Sarauniya Amina. Idan muka bar lifidi da kwalkwali da saƙi muka aro rigar fata daga talabijin, to mun dasa wa kakanninmu nasu ƙahon, kuma na baya za su gaje shi su ɗauka gaskiya ne.

Saboda haka kiranmu ga duk mai shigar mutanen da, a Turai yake ko a nan, shi ne ya yi tambaya kafin ya kai wa tela yadi. Matattu ba su roƙe mu mu sa rigunansu ba. Mu muka ɗauka da kanmu, don haka sai mu sa su yadda suka bar su.